Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa Ta Najeriya Kan Kyaftin, Ladabin 'Yan Wasa Da Rabon Laifi

Zuwa ga Alhaji Ibrahim Musa Gusau,
Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya,
Abuja.



Ranka ya daɗe, wannan takarda ta fito ne daga Unguwar Gai ta ƙaramar hukumar Kibiya a ƙasar Rano, kuma manufarta ita ce jan hankalin Shugaba zuwa ga gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun daren 16 ga Nuwamba 2025, lokacin da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da Super Eagles a Rabat da bugun fenareti bayan an tashi 1-1, abin da ya sa Najeriya ta rasa gurbin Gasar Cin Kofin Duniya karo na biyu a jere. A gidajen kallon ƙwallo na wannan yanki, inda matasa ke biyan kuɗin shiga su cika bencina yayin da janareta ke ruri a bayan ɗaki, akan yanke hukunci tun kafin alƙalin wasa ya busa tashi, sannan a kwashi shari'ar zuwa teburin mai shayi. Wani ya ce 'yan wasan ba su da kishin ƙasa, kuɗi ne kawai a gabansu. Wani ya ce kyaftin ɗin ba shi da ta-cewa. Wani kuma ya kama sunan wanda ya ɓarar da fenareti ya yi ta tsine masa har gida. Mai kallo yana da uzuri idan fushinsa ya tsaya a kan fuskar da talabijin ta nuna masa, amma Hukuma ba ta da irin wannan uzuri, domin ita ke riƙe da takardun da za su nuna inda aka fara tuntuɓe.

Tuntuɓen ya girmi daren Rabat da shekara biyu. A wasanni huɗu na farko na neman gurbi, Najeriya ta yi canjaras da Lesotho da Zimbabuwe a Nuwamba 2023, ta sake yin canjaras da Afirka ta Kudu a Uyo a Yuni 2024, sannan Jamhuriyar Benin ta doke ta 2-1 a Abidjan ƙarƙashin Gernot Rohr, kocin da Hukumar ta sallama a Disamba 2021. Ke nan maki 3 aka samu cikin 12, alhali da maki ɗaya tak Afirka ta Kudu ta sha gaban Najeriya a ƙarshen rukunin, 18 da 17. A tsawon wannan fafutuka koci uku ne suka ja ragamar wasannin, José Peseiro da Finidi George da Eric Chelle, ban da riƙon ƙwarya na Augustine Eguavoen da sanarwar ɗaukar Bruno Labbadia a Agusta 2024 wadda ta wargaje cikin 'yan kwanaki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da wani kyaftin ya yanke. Bayan wasan Kongo koci Chelle ya yi zargin cewa abokan hamayya sun yi tsafi a gefen fili, daga baya kuma hankali ya karkata ga ƙorafi a gaban FIFA kan cancantar wasu 'yan wasansu, sai dai ko wanne daga cikin biyun bai yi bayanin maki tara da aka zubar tun farkon tafiya ba.

Ya kamata a fara tantance abin da kyaftin yake da shi a hannu kafin a tambaye shi abin da ya yi da shi. Dokokin ƙwallon ƙafa, waɗanda majalisar IFAB ke tsarawa, sun fayyace a doka ta uku cewa kyaftin ba shi da wani gata ko matsayi na musamman, illa dai yana ɗauke da wani kaso na alhakin halayyar abokan wasansa. Shi ke tsayawa a jefa sulalla kafin take wasa, shi ke ɗaura ƙyalle a damtse, kuma a tsarin da aka ƙarfafa a 'yan shekarun nan shi ke da damar tunkarar alƙalin wasa don neman bayani. Amma ba ya zaɓar wanda zai buga, ba ya canza ɗan wasa, ba ya tsara dabara, balle ya sa hannu a takardar biyan alawus. Abin da ya rage masa shi ne girman da abokansa suka ga damar ba shi, da kuma goyon bayan da Hukuma ta ga damar ba shi.

A nan ne wasan kurket ke da abin koyarwa, ko da yake baƙo ne ga yawancin mutanen wannan yanki. Wasa ne na mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare, inda ɓangare ɗaya ke jifa da ƙwallo mai tauri, ɗayan kuma yana duka da faffaɗar sanda yana tara maki, kuma mafi tsawon nau'insa kan kai kwana biyar ana fafatawa. Turawan mulkin mallaka sun shigo da shi makarantu irin su Kwalejin Katsina, a Janairu 2025 kuma 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan a gasar duniya a Maleshiya. A kurket kyaftin shugaba ne na haƙiƙa, domin shi ke zaɓar mai jifa a kowane zagaye, shi ke faɗa wa kowa inda zai tsaya, shi ke yanke lokacin da ƙungiyarsa za ta dakatar da duka ta ba abokan hamayya fili, dokokin wasan kuma sun ɗora masa alhakin tabbatar da an yi wasa bisa gaskiya. Idan akwai wasan da ya halatta a tuhumi kyaftin bayan shan kaye a jerin wasanni tsakanin ƙasashe, to wannan ne, amma ko a can tarihi ya nuna cewa tuhumar mutum ɗaya ba ta isa gyara.

A Maris 2018, a birnin Cape Town, kyamarorin talabijin suka kama ɗan wasan Ostareliya Cameron Bancroft yana goga wa ƙwallo wani guntun abu rawaya, wanda daga baya aka tabbatar samfefa ce irin ta kafintoci, don ƙwallon ta riƙa karkacewa a iska. Da ya ga an hasko shi a babban allon filin sai ya cusa abin cikin wandonsa, ya nuna wa alƙalai ƙyallen tabarau. Hukumar kurket ta Ostareliya ta dakatar da kyaftin Steve Smith da mataimakinsa David Warner na wata 12 kowanne, Bancroft kuma wata 9, ƙasar ta sha kashi 3-1 a jerin wasannin, koci Darren Lehmann ya yi murabus. Abin lura shi ne hukumar ba ta tsaya a nan ba: ta ba wata cibiya mai zaman kanta aikin binciken al'adar gidan gaba ɗaya, aka buga rahoton a Oktoba 2018 kowa ya karanta, rahoton ya zargi ita hukumar da girman kai da fifita nasara ko ta halin ƙaƙa, kuma cikin 'yan kwanaki shugabanta David Peever ya sauka. Ingila ta bi wata hanya dabam bayan Ostareliya ta lallasa ta 5-0 a kakar 2013 zuwa 2014, inda aka bar kyaftin Alastair Cook a kujerarsa aka kori Kevin Pietersen, wanda ya fi kowa tara wa ƙasar maki a jerin wasannin, ba tare da an yi wa jama'a cikakken bayani ba. A bazarar 2014 Siri Lanka ta doke Ingila a gida, a 2015 kuma Bangaladash ta fitar da ita daga gasar duniya tun a matakin rukuni.

Misalin da ya fi kama da halin Najeriya shi ne na tawagar West Indies, wadda ke wakiltar ƙasashen yankin Karibiyan. A Oktoba 2014 'yan wasanta suka watsar da rangadin Indiya ana tsaka da shi saboda rikicin albashi, kyaftin Dwayne Bravo ne ya yi magana da yawunsu, kafin shekara ta fita aka karɓe shugabancin daga hannunsa, aka kuma ajiye shi a gida lokacin gasar duniya ta 2015. Rikicin kuɗi tsakanin 'yan wasan yankin da hukumarsu ya ci gaba shekaru bayan haka, domin cire mai magana bai biya bashin da ya sa aka yi maganar ba.

Shugaba ya san wannan labari ciki da bai a gidansa. A ranar 11 ga Nuwamba 2025, kwana biyu kafin karawa da Gabon a wasan cike gurbi, 'yan wasan Super Eagles da jami'ansu suka ƙaurace wa atisaye a Rabat saboda alawus da ba a biya ba, kuma kyaftin William Troost-Ekong ne ya tsaya tsakanin su da Hukuma. Irin haka ta faru a Windhoek a Yuni 2013, lokacin da tawagar ta ƙi hawa jirgi zuwa Barazil bayan an zabtare ladan wasa. Ta faru a gasar duniya ta 2014 kafin Faransa ta ci 2-0. Ta faru ga Super Falcons a Abuja a 2016 bayan sun ɗauko kofin Afirka, ta sake faruwa gare su a Faransa a 2019, inda ba a daɗe ba Desire Oparanozie ta rasa ƙyallen kyaftin, sannan a Maroko a 2022. Yawancin waɗannan sun riga zaɓen Shugaba a birnin Benin ranar 30 ga Satumba 2022, don haka ba a ce shi ya ƙirƙiro matsalar ba, amma abin da ya maimaita kansa ƙarƙashin shugabanni daban-daban da 'yan wasa daban-daban ya wuce a kira shi rashin tarbiyyar wasu samari. Duk manomin ƙasar Rano ya san cewa idan aka ɗauki 'yan ƙwadago girbin dawa aka hana su kuɗin jiya, babbansu ba ya iya tashin su da asuba, kuma mai gona ne ya kamata ya ji kunya idan aka wayi gari suna zaune a gindin bishiya.

Wannan ba ya wanke 'yan wasa. Barin atisaye ana saura kwana biyu wasan da makomar ƙasa ta rataya a kai abu ne mai illa, kuma mutanen da ke karɓar albashi mai tsoka a Turai suna da hanyoyin matsa lamba da ba sai sun taɓa shirin wasa ba. A Yuni 2024 Victor Osimhen ya fito kai tsaye a Instagram ya ci mutuncin kocinsa Finidi George, a ranar da labarin murabus ɗin kocin ya bazu, kuma Hukuma ba ta bayyana wa jama'a wani hukunci ba. A Janairu 2026, a gasar kofin Afirka da Najeriya ta zo ta uku, duniya ta kalli yadda ya yi wa Ademola Lookman faɗa a tsakiyar fili ana cin Mozambik. Osimhen gwarzo ne wanda ƙwallaye ukun da ya zura wa Benin a Oktoba 2025 suka kai ƙasar wasan cike gurbi, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa batunsa ya zama ma'auni, domin duk ƙaramin ɗan wasan da ke zaune a benci yana lura da wanda doka ke hawa kansa da wanda take kewayewa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari; sai dai Hukumar da ake bi bashi takan rasa bakin tsawatarwa, shi ya sa ladabtarwa a wannan tawaga ta zama abin da ke sauka a kan mai rauni, ko a kan wanda ya yi tsaurin ido ga jami'i, maimakon ta bi girman laifi.

Tarihin ƙyallen kyaftin kansa ya isa shaida. Sunday Oliseh shi ne kyaftin a gasar kofin Afirka ta Mali a 2002, aka samu saɓani da jami'ai, aka ajiye shi tare da koci Shuaibu Amodu, aka tafi gasar duniya da sabuwar tawaga wadda ta dawo da maki ɗaya. Shekara 13 bayan haka, a sansanin Beljiyam a Oktoba 2015, shi Oliseh ɗin yana koci ya karɓe shugabanci daga Vincent Enyeama, wanda ya iso a makare bayan jana'izar mahaifiyarsa, ya ba Ahmed Musa. Enyeama ya bar tawagar da wasa 101, Oliseh ya yi murabus a Fabrairu 2016 yana kukan rashin albashi, wata guda bayan haka Samson Siasia ya miƙa ƙyallen ga Mikel Obi, ƙasar kuma ba ta je gasar Afirka ta 2017 ba. A gasar da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, Ahmed Musa ne kyaftin a suna amma bai taka leda ko minti ɗaya ba, Troost-Ekong ke jagoranci a fili. A Rabat kuma Troost-Ekong ne ya koma benci Wilfred Ndidi ya ɗaura ƙyallen, kafin ya gaje shi a Disamba 2025. Babu aibu a samu dattijon sansani da jagoran fili, matuƙar an rubuta iyakar kowa, amma idan naɗi da tuɓewa sun dogara ga ran koci ko fushin jami'i, to mai riƙe da muƙamin zai fi damuwa da kare kansa fiye da faɗa wa kowa gaskiya.

Akwai kuma haƙƙin wanda aka ɗora wa laifi, batun da mutanen Kano ba su manta ba. A ranar 17 ga Yuni 2010 a Bloemfontein, Najeriya na gaban Girka da ci ɗaya na Kalu Uche, ƙwallo ta fita waje, Sani Kaita, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya ɗaga ƙafa ya kai wa Vasilis Torosidis shuri. Alƙali ya zaro jan kati, Kaita ya durƙusa yana roƙo, sannan ya fita ya lulluɓe fuska da rigarsa, Girka ta ci 2-1. Laifinsa a bayyane yake kuma ya nemi gafara, amma abin da ya biyo baya shi ne barazanar kisa, sunansa ya zama abin zolaya a bakin yara, Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya dakatar da tawagar shekara biyu sannan ya janye cikin 'yan kwanaki da FIFA ta yi barazana, aka tsige Sani Lulu daga shugabancin Hukuma, aka ci gaba da tafiya yadda aka saba. Haka aka yi wa mai tsaron raga Maduka Okoye bayan Tunisiya ta ci a Garwa a Janairu 2022, haka aka yi wa Francis Uzoho bayan ƙwallon Thomas Partey a Abuja ranar 29 ga Maris 2022, daren da 'yan kallo suka farfasa kayan filin wasa na Moshood Abiola, haka kuma aka yi wa Alex Iwobi bayan wasan ƙarshe na gasar Kwaddibuwa ranar 11 ga Fabrairu 2024 har ya goge hotunansa daga Instagram, sai Ahmed Musa ne ya fito ya roƙi jama'a su sassauta. Idan Hukuma ta yi shiru kan musabbabin faɗuwa, ta bar wa fushin jama'a aikin bincike, shi kuwa fushin jama'a yakan zaɓi mutum ɗaya ne kawai, galibi wanda kyamara ta fi daɗewa a kansa.

Abin da ake nema ba baƙo ba ne a gidan ƙwallon Najeriya. A Oktoba 2025, da magoya bayan Kano Pillars suka afka fili a filin wasa na Sani Abacha bayan Shooting Stars ta farke ci ana dab da tashi, hukumar gasar Firimiya ta ƙasa ta ɗauko rubutacciyar doka ta zabtare wa ƙungiyar maki uku, ta ci ta tara, ta mayar da wasanninta na gida Katsina, Ahmed Musa kuma a matsayinsa na babban manaja ya fito ya ba da haƙuri. Hukuncin ya yi wa Kanawa ciwo, har masu sauraron wasan a rediyo a Kibiya da Rano, amma kowa ya san sashen dokar da aka karya da abin da ya tanada. Tawagar ƙasa ce ta fi cancantar irin wannan tsari, kuma kurket ya nuna yadda ake gina shi: hukumarsa ta duniya ta kasa laifuffuka mataki huɗu, kowane mataki da tararsa, ana tara wa ɗan wasa makin laifi har su kai ga dakatarwa, akwai kuma jami'i na musamman a kowane wasa wanda aikinsa sauraron tuhuma da jin ta bakin wanda ake tuhuma.

Saboda haka ana roƙon Shugaba ya sa a rubuta ƙa'idar ɗa'a ta tawagogin ƙasa, maza da mata, wadda za ta ambaci makara zuwa sansani da ƙaurace wa atisaye da cin mutuncin koci ko abokin wasa, ta faɗi hukuncin kowanne, kuma kwamitin da ba jami'an da ake rikici da su ba ne zai yi shari'ar. Amma wannan takarda ba za ta yi nauyi ba sai an haɗa ta da 'yar'uwarta, wato yarjejeniyar da ta faɗi adadin alawus da ladan wasa da ranar biya, da abin da zai hau kan jami'in da ya saɓa, domin ɗan wasan da ya sa hannu a ta farko yana da haƙƙin ganin sa hannun Hukuma a ta biyu; idan kuɗin daga gwamnati ko Hukumar Wasanni ta Ƙasa suke makalewa, a faɗa a fili tun kafin a shiga sansani. A cikin yarjejeniyar ne ya kamata a fayyace wanda ke naɗa kyaftin da dalilan da za su sa a tuɓe shi, a kuma tabbatar cewa isar da koken abokansa ba ya cikin dalilan.

Mafi gaggawa duka shi ne binciken yadda aka rasa gurbin 2026, tun daga wasan Lesotho har zuwa Rabat, a hannun mutanen da ba ma'aikatan Hukuma ba ne, waɗanda za a buɗe musu kwantiragin kociyoyi da lissafin biyan 'yan wasa da tsarin tafiye-tafiye, su saurari kyaftin da koci da sakatare daidai wa daida. Ranka ya daɗe, ana roƙon a buga rahoton gaba ɗayansa, a kuma fassara shi zuwa Hausa a karanta a rediyo, kafin a kira 'yan wasa sansanin neman gurbi na gaba.

Wassalam.

Daga Unguwar Gai,
ƙaramar hukumar Kibiya, Jihar Kano.